Ajiye abincin shekara a gida: tanadi ne, ko raunin tawakkali, ko ɓoye kaya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malamin firamare ne a ƙasar Funtuwa, ina da mata da 'ya'ya, mahaifiyata ma tana wajena. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashina ba ya kai ni ƙarshen wata. Sai na karɓi gonar gadonmu da nake bayarwa haya, na koma ina noma masara da wake da kaina. Uwargida ta fara kiwon kaji da awaki, muka kuma yi ɗan lambu a bayan gida. Da kaka ina ƙara sayen gero da dawa in ajiye abin da zai kai mu wata kakar. Yayana ya ce wannan raunin tawakkali ne, wai bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Wani maƙwabcina kuma ya ce irinmu ne masu ɓoye abinci. Mene ne hukuncin abin da nake yi? Akwai zakka a kansa? Idan wani ya nemi rancen hatsi da damina, zan iya cewa ya biya da ɗan ƙari da kaka, tunda lokacin hatsi ya yi araha?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Abin da kake yi halal ne. Komawa gona da kiwo don ka ciyar da iyalinka ba tare da miƙa hannu ga kowa ba aikin lada ne, in niyya ta yi kyau. Buhari ya ruwaito cewa babu wanda ya taɓa cin abinci mafi alheri irin wanda ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda (AS) daga aikin hannunsa yake ci. Sai dai halaccin ajiyar yana da iyaka, kuma a nan maƙwabcinka yake da 'yar gaskiya, ko da yake ba a kanka ta faɗa ba.

Mu fara da maganar yayanka. Gaskiya ne arziki na Allah ne. Amma wanda ya fi kowa tawakkali, Annabi (SAW), ya kasance yana keɓe wa iyalansa abincin shekara daga dukiyar Banu Nadir, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Sayyidina Umar. Wanda ya ce ajiyar shekara raunin imani ce, to ya lura da inda maganarsa za ta je ta faɗa. A Suratu Yusuf kuma, aya ta 47, Annabi Yusuf (AS) ya ce wa mutanen Masar su yi shuka shekara bakwai a jere, abin da suka girbe su bar shi cikin zangarniyarsa, sai kaɗan da za su ci. Duba, bai tsaya ga cewa a ajiye ba, har yadda za a ajiye ya faɗa. Kakanninmu ma a kan haka suke: dami-dami ake jera gero a rumbu, ba a sussuka sai wanda za a daka, don hatsi ya fi jimawa a jikin zangarniya.

Akwai kuma abin da Ibnu Abbas ya faɗa, Buhari ya kawo shi: wasu mutanen Yaman sukan taho aikin Hajji babu guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, in sun iso Makka sai su koma roƙon mutane. Sai Allah ya saukar da umarnin a yi guzuri, a Suratul Baƙara aya ta 197. Hadisin da ya ce Allah zai azurta masu tawakkali na gaskiya kamar yadda yake azurta tsuntsaye, wanda ake yawan kafa hujja da shi, shi ma cewa ya yi suna fita da safe da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe. Fita suke yi. Tawakkali aikin zuciya ne, wato kada ka ɗauka rumbunka ne yake raya ka. Mutanen Maiduguri da ambaliyar madatsar Alau ta afka wa a Satumbar 2024, da yawansu da ajiyarsu a ɗaki suka kwanta. Ka yi ajiya, ka san tana iya tafiya dare ɗaya, kada kuma tsoron talauci ya kai ka ga ƙuntata wa iyali yau saboda gobe. In yara suna kwana da yunwa buhuna na jingine a ɗaki, rowa ce, kuma za a tambaye ka haƙƙinsu.

Sai batun ɓoye kaya. Muslim ya ruwaito daga Ma'amar ɗan Abdullahi cewa babu mai ɓoye kaya sai mai saɓo. Abin da malamai suka fahimta a nan shi ne mutum ya shiga kasuwa lokacin da mutane ke buƙatar abinci, ya kwashe, ya kulle, yana jiran farashi ya hau. A mazhabar Imamu Malik ma ba a taƙaita wannan ga abinci kaɗai ba, duk abin da riƙe shi zai cutar da jama'a ya shiga, in kuwa babu cutarwa babu laifi. Saboda haka masarar da ka noma da hannunka ka ajiye wa gidanka ba ta cikin wannan babi, babu saɓani a kai.

Wanda kake saya a kasuwa shi ne yake da bayani. Alƙali Iyad ya naƙalto daga mafi yawan malamai cewa idan lokacin yalwa ne, mutum zai iya sayen abincin shekara har fiye. Idan kuwa lokacin ƙunci ne, ba zai sayi abin da zai ƙuntata wa Musulmi ba, sai na kwanaki ko na wata guda. Kai da kaka kake saye, lokacin da kasuwannin ƙauye suka cika da sabon hatsi, manomi yana neman wanda zai karɓa don ya biya bashin taki. Sayenka a lokacin taimako ne gare shi. Amma wanda zai jira sai tsakiyar damina, rumbuna sun yi ƙasa, mata suna awon rabin kwano, sannan ya zo da mota ya share kasuwar ƙauye, wannan ko da ya rantse na gidansa ne, ya cutar. Ka ga ke nan abu ɗaya ne, amma hukuncinsa da kaka daban, da damina daban.

Ba na zargin maƙwabcinka sosai. Mutane sun ji jiki. A farkon 2024, da tsadar abinci ta kai inda ta kai, har hukuma ta rufe wasu ɗakunan ajiya a kasuwar Dawanau ta Kano bisa zargin ɓoye kaya, tun daga nan duk wanda aka ga yana shigar da buhu gida sai a zuba masa ido. Amma buhunan magidanci daban, sito na ɗan kasuwa daban. Shi ma ɗan kasuwar ba duk ajiyarsa ce haram ba, don ba domin masu saye da kaka su fitar da bazara ba, da ba a sami hatsi a birni ba in rani ya yi nisa. Laifin yana zuwa ne in an shiga matsi ya ƙi fitarwa. A nan malamai sun yi ittifaƙi cewa shugaba yana da ikon tilasta wa mai abinci ya sayar idan mutane suka matsu, ba su da wani wajen samu.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, don shi ake mantawa in ana maganar dogaro da kai. Wata shekara Annabi (SAW) ya hana a ajiye naman layya fiye da kwana uku. Da shekara ta zagayo sahabbai suka tambaya ko haka za su sake yi, sai ya ce su ci, su ciyar, su ajiye, domin waccan shekarar mutane suna cikin wahala ne, ya so a taimaka musu. Buhari ya ruwaito shi daga Salama ɗan Akwa'u. Wato ajiyar da take halal, yunwar maƙwabci tana iya taƙaita ta. Annabi (SAW) ya kuma yabi Ash'ariyawa, mutanen sahabi Abu Musa, waɗanda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai, har ya ce su nasa ne, shi nasu ne. Saboda haka tun ranar da kake lissafin buhun da zai kai ku kaka, ka sa wani kaso da ba na gidanka ba: na 'yar'uwarka da mijinta ya rasu, na almajirin ƙofar gida, na maƙwabcin da zai aiko yaro da kwano bayan magariba don kada a gan shi. Idan kuwa wani ya kai ga halin halaka kana da rarar abinci, ciyar da shi ya zama wajibi, ba alfarma ba. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 za su gaya maka cewa gidajen da suka tsira ba su tsira su kaɗai ba. Irin rumbun hatsi na gari da ake yi a ƙauyuka da dama na Nijar, a tara da kaka a sayar wa 'yan gari da sauƙi da damina, abu ne da ya kamata kwamitin masallacinku ya duba.

Game da rance da ƙari: bai halatta ba. Ka ba da tiya goma ta gero da damina a biya ka goma sha biyu da kaka, riba ce tsantsa, ko da farashi ya faɗi warwas. Rance mudu ne da mudu, iri ɗaya, awo ɗaya. Na san abin da ke damunka, buhun da ka bayar yana da tsada za a dawo maka da shi yana da araha. Wannan giɓin shi ne ladarka. In ba za ka iya ba, kana da hanya: ka sayar masa da hatsin bashi a kan kuɗi sananne zuwa lokaci sananne, ba tare da ka ci da gumin matsuwarsa ba, kuma ranar biya kuɗinka za ka karɓa, ba hatsi a madadinsu ba, don a mazhabarmu an toshe wannan ƙofa. In shi da kansa ya ƙara maka wani abu ranar biyan rance, ba sharaɗi, ba al'adar da aka saba, ya fi kyau ƙarin ya zama a kyan hatsi, ba a yawansa ba. Haka kai ma kada ka ci bashi mai ruwa don ka yi ajiya. Ban da haramcin, farashin hatsi ba kullum yake hawa ba. Ya faɗi a 2025, kuma waɗanda suka tara da kuɗin bashi sun ɗanɗana kuɗarsu.

Zakka kuwa, abin da ka noma in ya kai wusuƙi biyar, wato sa'i 300, wanda wasu malaman zamani suka kiyasta da kusan kilo 653, za ka fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin in ban-ruwa ka yi da inji. Sau ɗaya ake fitarwa, lokacin girbi, ko da hatsin ya shekara biyu a rumbu. Gero da dawa da shinkafa kowanne da nisabinsa, ba a haɗa su, wake ma ba a haɗa shi da hatsi. Wanda ka saya don ci babu zakka a kansa. Kaji babu zakka a kansu, awaki da tumaki sai sun kai 40.

Abu na ƙarshe, kula da ajiyar ita ma amana ce, don Allah ya hana tozarta dukiya. Ka bar masara ta bushe sosai kafin ka ɗura, ka ɗora buhu a kan katako kada ya taɓa ƙasa ko bango, don danshi yana kawo fumfuna, masara mai fumfuna kuwa tana illata hanta. Wake ka zuba shi a buhu mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, ko jarka mai murfi da iska ba ta shiga, ƙwaron zai mutu da kansa. Amma barbaɗa wa wake maganin feshin gona, kamar yadda wasu ke yi, haramun ne, ko iyalinka za su ci ko kasuwa za ka kai, domin cutar da mutane ne da sani.

Wallahu a'alam.