Shin Karen Soja Yana Buƙatar Rigar Sulke?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani kamfanin tsaro mai zaman kansa, kuma muna da karnukan da muke sintiri da su da waɗanda muke binciken motoci da su. Wani dillali ya kawo mana rigunan sulke na karnuka a farashi mai tsada, yana cewa irinsu sojojin Amurka ke sa wa nasu. Shin da gaske karen soja yana buƙatar wannan riga, ko kuwa ado ne kawai? Mu saya?

Amsa: Wa'alaikumussalam. Malam, rigar ba ado ba ce, amma kuma ba kowane karen soja ne yake buƙatarta ba, ballantana karen da aikinsa shinshina motoci a bakin ƙofa. Aikin da kare yake yi shi ne ke nuna kayan da suka dace da shi, kuma ko a cikin rundunar soja ɗaya karnukan ba aiki guda suke yi ba.

Akwai karen kai samame, wanda ake turawa gaba ya shiga ɗaki ko rami kafin sojoji su shiga, kamar Cairo da ya raka dakarun Amurka gidan Usama bin Ladan a Abbottabad a watan Mayun 2011. Irin wannan kare shi ne yake fara cin karo da mai bindiga ko mai wuƙa, don haka sulke a ƙirjinsa yana da hujja. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan karnukan sojan Amurka 92 da suka mutu a yaƙin Iraƙi da Afganistan tsakanin 2001 da 2013 ya nuna cewa harbin bindiga ne ya fi kashe su, sai fashewar bama-bamai, sai kuma zafi a matsayi na uku idan aka cire cututtuka.

Sai dai ya kamata ka san iyakar abin da rigar take iya yi kafin ka fitar da kuɗi. Galibin rigunan karnuka da wani zare mai ƙarfi da ake kira Kevlar ko makamancinsa ake yin su, kuma an tsara su ne domin tare harsashin ƙaramar bindiga da ɓaraguzan ƙarfe, wasu kuma har da sukar wuƙa. Harsashin AK-47 kuwa ratsa irin wannan riga yake yi, domin tare shi sai da faranti mai tauri, wanda nauyinsa ya fi ƙarfin karen da duka-duka bai wuce kilo 25 zuwa 30 ba. Haka kuma rigar ƙirji da haƙarƙari da wani ɓangare na ciki take rufewa, ƙafafu da kai suna waje. Lucca, karyar sojan Amurka mai gano nakiya, ƙafar gaba ta rasa lokacin da bam ya tashi da ita a Afganistan a 2012. Kuno na sojan Birtaniya a ƙafafun baya aka harbe shi a 2019. Conan, karen sojan Amurka da ya bi shugaban ƙungiyar ISIS Abubakar al-Bagadadi cikin rami a Siriya a watan Oktoban 2019, wayar lantarki ce ta ji masa rauni. Babu ko ɗaya daga cikinsu da sulke zai iya kare shi daga irin wannan rauni.

Abin da ya fi damuna da shawarar dillalin naku shi ne zafi. Kare ba ya zufa a jiki kamar mutum, in ban da ɗan abin da ke fita ta tafin ƙafarsa. Da haki yake rage zafin jikinsa, wanda a lafiyarsa ma yana tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Salshiyas. Idan ka lulluɓe shi da riga mai kauri ka fita da shi sintiri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, za ka ga harshensa ya zazzago ya yi faɗi, yawu ya yi kauri, yana jan ƙafa yana neman inuwa, kuma daga nan zuwa faɗuwa ba nisa. Karnukan aiki irin Malinois na Beljiyam suna da naci, ba sa tsayawa da kansu don sun gaji, sai mai kula da su ya tsayar da su. Ban da haka, karen da yake haki ba ya shinshina da kyau, wato rigar da ka saya da tsada ita ce za ta rage wa mai binciken motoci amfanin hancinsa. Shi ya sa masu aiki da karnuka da yawa suke ajiye sulken a mota, sai an tunkari wurin da ake sa ran harbi sannan a sa masa, a cire da zarar an gama.

Shawarata ita ce kada ku saya wa duka. Idan kuna da kare ɗaya ko biyu da ake turawa kama mutum mai makami, ku saya musu, amma ku nemi takardar gwajin rigar da ke nuna matakin kariyarta, misali II ko IIIA a ma'aunin NIJ, hukumar Amurka da ke tsara matakan ingancin sulke, sannan ku duba ranar da aka ƙera ta, domin yawancin kamfanoni garantin shekara biyar suke bayarwa, kuma rana da danshi suna raunana zaren. A auna faɗin ƙirjin karen da tsawon bayansa, don rigar da ta yi sako-sako tana goge hammata har ta yi gyambo.

Tambaya: To tabarau da takalma da abin rufe kunne da ake gani a hotuna fa, wanne ya kamata a fara saya?

Amsa: A fara da abin da za a yi amfani da shi kullum. Na farko shi ne ɗamara mara nauyi mai maɗauki a baya, wadda za a iya ɗaga karen da ita a haurar da shi katanga ko a sa shi a mota, sai gorar ruwa da kwanon sha na tafi-da-gidanka. Takalma suna biye, domin kwalta ko yashin da ya sha rana yana ƙona tafin ƙafar kare, haka ma fasassun kwalabe da ƙusoshi. A saba masa da su a hankali, don ranar farko tafiya zai riƙa yi kamar mai taka garwashi. Takunkumi ma yana cikin kayan agajin gaggawa, saboda karen da ya ji mummunan rauni yana iya cizon ko da mai kula da shi, sai dai ya kasance irin mai kama da kwando wanda ba ya hana haki. A haɗa da bandeji mai miƙewa na tsayar da jini, domin abin ɗaure jijiya da aka yi wa mutane yakan zame daga ƙafar kare, wadda take da kauri a sama da siranta a ƙasa.

Tabarau suna da amfani inda ake fama da guguwar yashi ko ƙurar da jirgi mai saukar ungulu ke tayarwa, abin rufe kunne kuma na karen da ke shiga jirgi ne ko yake aiki kusa da harbe-harbe. Idan karnukanku ba sa shiga irin wannan yanayi, ku bar su zuwa gaba, ku sa kuɗin wajen koya wa masu kula da su alamomin bugun zafi da yadda ake jiƙa kare da ruwa mai sanyi nan take, kafin a garzaya da shi wurin likitan dabbobi.