Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Likitan da Ya Tattara Sunayen Itatuwanmu

Wasiƙu uku ne suka taru a gabana a wannan mako, kuma ko da yake masu su ba su san juna ba, duk a gindin itace ɗaya suka haɗu. Ta farko daga wani ɗalibin ilimin tsirrai ce a Zariya, wanda ya ce: "Malam, an koya mana a aji cewa sunan hano a kimiyyance shi ne Boswellia dalzielii, kuma wai sunan wani Bature ne da ya zauna a ƙasarmu aka liƙa masa. Wane ne wannan mutum? Idan zan yi rubutu a kansa da Hausa, ɗan ci-rani zan kira shi, ko baƙon haure, ko kuwa me?"

Ɗana, Allah ya yi wa karatunka albarka. Mutumin da kake tambaya shi ne Dakta John McEwen Dalziel, kuma kafin mu yi nisa sai ka gyara yadda kake faɗin sunan, domin mutanen Sikotland, inda asalinsa yake, "Diyel" suke cewa. Harafin "z" da kake gani a tsakiya ya maye gurbin wani tsohon harafi ne da aka daina rubutawa a can, shi ya sa ba a furta shi. Wasulan nan biyu na "ii" da aka ƙara a ƙarshe kuwa ɗafin mallaka ne na harshen Latin, wato daidai da mu ce "na Dalziel".

An haife shi a shekarar 1872 a birnin Nagpur na ƙasar Indiya, ya yi karatun likita a Edinbara, sannan ya tafi kudancin ƙasar Sin ya yi aikin likitan mishan daga 1895 zuwa 1902. A shekarar 1905 ya shiga aikin likita na gwamnatin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma, wato shekara biyu kacal bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato, kuma bai bar aikin ba sai 1922. Duba marasa lafiya shi ne aikin da ake biyansa albashi a kai, amma duk inda aka tura shi sai ya shiga daji yana tsinkar tsirrai. Sunayen Sakkwato da Kwantagora da Zungeru da Katagum da Yola da Lokoja duk suna nan a rubuce a jikin takardun tsirran da ya tara.

Yadda ake aikin shi ne a karyo reshe mai ganye, da fure ko 'ya'ya idan an yi sa'a, a shimfiɗa shi tsakanin takardu, a danne da katako a ɗaure tam, a riƙa sauya takardun har ya bushe ƙayau ba tare da ya yi funfuna ba. Daga nan sai a rubuta inda aka samo shi, da ranar, da sunan da mutanen wurin suke kiransa, da abin da suke yi da shi. Irin waɗannan ne Dalziel ya riƙa aikawa babban lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan, inda masani John Hutchinson ya bincika hano ya raɗa masa sunan da aka koya muku a shekarar 1910. A 1916 Dalziel ya fitar da ɗan ƙamus mai suna A Hausa Botanical Vocabulary, wanda ya jera sunayen tsirrai na Hausa tare da sunayensu na kimiyya. Bayan ya ajiye aiki ya koma Kew, inda shi da Hutchinson suka wallafa Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, sannan a 1937 ya fitar da The Useful Plants of West Tropical Africa shi kaɗai, littafin da ya tattara amfanin tsirrai wajen abinci da magani da sana'a da sunayensu a harsuna da yawa na yankin. Ya rasu a 1948.

Sai mu zo kan kalmar da ta dace da shi, wadda ita ce ainihin hurumina. Ci-rani a asalinsa tafiya ce ta lokaci: manomi ya kammala girbi, ya bar hatsinsa a rumbu don kada ya cinye, ya tafi birni ya "ci rani" a can da dako ko ga-ruwa ko yankan farce, da an ga hadari ya haɗu a gabas kuma ya ɗauko jakarsa ya dawo gona. Kafofin watsa labarai sun faɗaɗa kalmar har ta haɗe da masu tsallaka Sahara da teku, kuma wannan faɗaɗawar ta riga ta zauna, amma har yanzu ƙanshin neman abin kai wa baka bai bar ta ba, don haka ba ta dace da ma'aikacin gwamnati da aka turo da albashinsa ba. Baƙon haure kuwa daga "haura" yake, wato wanda ya haura katanga bai bi ta ƙofa ba, shi ne wanda ya shiga ƙasa babu izinin hukuma. Ɗan gudun hijira shi ne wanda yaƙi ko wani bala'i ya koro. Ɗan kama-wuri-zauna kuma shi ne wanda ya zo ya kafa gida ya hayayyafa ba da niyyar komawa ba, kamar Turawan da suka mamaye gonaki a Afirka ta Kudu da Kenya. Dalziel bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kalmar da ta rage, wadda kuma ta fi kowace faɗi da adalci, ita ce baƙo. Ka rubuta "baƙon likita masanin tsirrai", ka kuma ambata a fili cewa a ƙarƙashin tutar mulkin mallaka ya zo, domin sanin abin da ƙasa take fitarwa yana daga cikin buƙatun masu mulkin, kuma ɓoye hakan ba zai ƙara masa daraja ba.

Ka lura da abu ɗaya idan za ka yi jam'i. "Baƙi" na baƙunci da "baƙi" na launi rubutunsu ɗaya ne, amma na farko ana jan wasalinsa na farko da sauti ƙasa sannan a ɗaga, na biyu kuwa gajere ne kuma sautinsa a sama yake duka. Irin wannan matsala tana nan a sunayen itatuwa ma, domin "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye karin sauti ne kawai ya raba su. A lokacin da Dalziel ya yi ƙamusunsa rubutun boko bai daidaita ba tukuna, haruffan nan masu lanƙwasa sai a shekarun 1930 suka zauna, saboda haka duk sunan da ka ɗauko daga tsohon littafi ka nemi wanda zai furta maka shi da baki kafin ka amince da rubutunsa.

Wasiƙa ta biyu daga wata malamar makaranta ce a Maraɗi. Ta ce ɗalibanta sun tambaye ta ma'anar "baƙo raɓa, ɗan gari kaba", ta yi musu bayanin raɓa ba wahala, amma da aka zo kan kaba sai ta ga yawancinsu a tabarma kawai suka san ta, kuma ba su ga abin da ya haɗa tabarma da ɗan gari ba.

Malama, wannan tambaya ta taɓa mini zuciya, domin a jiharku ne kwarin Gulbin Kaba yake, wanda daga wannan tsiro ya samo sunansa. Kaba ita ce goriba tun tana ƙarama, lokacin da ganyenta yake fitowa kai tsaye daga ƙasa ba ta yi gangar jiki ba, kuma ana kiran ganyen da ake saƙa da shi da wannan suna. Idan ta girma ta miƙe ta yi rassa sai a ce goriba, 'ya'yanta ma goriba, ƙwallon cikinsu mai tauri kuma ƙodago. Masana kimiyya suna ɗaya suka ba ta, Hyphaene thebaica, mu kuwa mun raba mata sunaye gwargwadon shekarunta da sassanta, kamar yadda muka yi wa giginya da muka kira ɗan tsironta muruci. Wanda ya rayu da itace, ya ci daga gare shi, ya kwanta a kansa, shi ne yake buƙatar irin wannan rarrabewa.

Amma sirrin karin maganar a saiwa yake. Ina yaro, duk shekara idan bazara ta kama mukan fita sharar gona da mahaifina, kuma akwai wani cincirindon kaba a gefen gonar ta yamma da ba na mantawa da shi. Mu sassare ta da gatari har ƙasa, ƙayar gefen hannunta tana yagar mana fata, mu tara busasshen karmami a kai mu cinna wuta, wurin ya koma toka fari fat. Ruwan farko yana sauka, kafin gero ya yi ganye uku, sai ka ga tsinin kaba kore shar ya huda tokar ya fito. Mahaifina yakan tsaya ya dube ta ya ce ita ta riga mu zuwa gonar. Ganyen da muka sare kuwa ba ya tafiya a banza, kakata ce take tsaga shi ta shanya, ta saƙa tabarma da faifai, maza su tufka igiya.

Raɓa kuwa da dare take sauka, da asuba ta jiƙa wa mai tafiya gona ƙafar wando, ta yi ƙyalƙyali a kan ciyawa har ta ɗauki ido, kafin hantsi ya dubi ludayi babu ita babu alamarta. Bahaushe ya ɗora waɗannan biyu a kan sikeli, ya kuma zaɓi kalmomi masu amo iri ɗaya, raɓa da kaba, don maganar ta zauna a kunne. Ana faɗinta ga wanda ya wulaƙanta maƙwabcinsa saboda ɗokin baƙo, a tuna masa cewa gobe baƙon zai ɗaure kayansa ya bar shi da wanda ya raina. Ana kuma faɗa wa baƙo da kansa, don kada ya tsoma baki a rigimar da ya tarar. Ki nuna wa ɗalibanki cewa babu ƙyamar baƙo a cikinta, domin bakin da ya faɗe ta shi ne ya ce "baƙonka annabinka".

Idan muka auna Dalziel da wannan sikeli, shekara goma sha bakwai da ya yi a aikin Afirka ta Yamma raɓa ce a gaban mutanen da kakanninsu suka raɗa wa hano suna. Ina girmama shi ƙwarai, kuma ina faɗa ba tare da kunya ba, domin ya ɗauki sunan da talaka ya faɗa masa a bakin daji a matsayin ilimin da ya cancanci shiga littafi, har aka wayi gari mu masu nazarin harshe muna komawa ga abin da ya rubuta don tabbatar da kalmar da ta fara ɓacewa a bakin yara. Sai dai da ɗan gari akan ci gari. Babu yadda za a yi mutumin da aka haifa a Indiya ya san cewa wannan sabara ce, wancan kalgo ne, wannan kuma marke, in ba wani maharbi ko makiyayi ko tsohuwa mai tallan sassaƙe ce ta tsaya ta nuna masa ba. Sunansa ne a bangon littafin, sunansa ne kuma a jikin hano har abada a wurin masana, su kuwa masu ilimin na asali sai dai mu tuna da su a dunƙule. Wannan yana yi mini ciwo, kuma shi ya sa nake roƙon ɗalibinmu na Zariya, idan ya fita tattara tsirrai, ya rubuta sunan wanda ya gaya masa sunan tsiro a kan takardar, da izininsa, kusa da nasa.

Wasiƙa ta uku gajera ce, daga wani dattijo mai sana'ar maganin gargajiya a Zangon Kumasi. Ya ce ya aika arewa a kawo masa sassaƙen hano, aka kawo masa wani abu aka ce ararrabi ne, kuma wai duk ɗaya ne. Yana son sanin gaskiyar magana.

Baba, Allah ya ƙara girma. Wanda ya gaya muku haka yana da hujja, domin a wurare da dama hano da ararrabi sunaye biyu ne na itace ɗaya, bambancin gari ne kawai. Amma akwai inda ake kiran wani itacen dabam da ararrabi, ɗan'uwan dashi, wanda masana suke kira Commiphora kerstingii, kuma an fi ganinsa a cikin gari an dasa shi don shinge, jikinsa sumul da launin kore. Dukansu dangi ɗaya ne da itacen da ake samun lubban a ƙasar Larabawa da Somaliya, shi ya sa ƙaronsu yake da ƙanshi, shi ya sa kuma sunayensu suke shiga cikin juna. Hano na ainihi ya fi son tudu mai duwatsu, ɓawonsa fari-fari ne yana saɓulewa falle-falle kamar tsohuwar takarda, yana kaɗe ganyensa da rani, kuma a lokacin da yake tsirara ne yake fitar da ƙananan furanni farare. Tun da abin da za ku haɗa cikin mutum zai shiga, suna kaɗai ba zai wadatar ba. Ku sa wanda kuka aika ya haɗo muku da ɗan reshe mai ganye daga itacen da aka sassaƙa, ya danne shi a cikin takarda don kada ya karye a hanya, ya kuma tambayo sunan da mutanen garin suke kiransa da shi.