Kar ka ƙara wa sabbin manajoji kuɗin farawa

Malam na ga tambayarka, cewa a wasan manajan ƙwallon da kuke gudanarwa farashin 'yan wasa ya haukace, wanda ya shigo yau ko gola mai kama-kama ba ya iya saya, shi ne kake tunanin ninka musu kuɗin farawa. Don Allah kar ka fara. Mu ma mun taɓa yin haka a namu, wallahi ko sati uku ba a yi ba kuɗin nan kaf ya koma aljihun tsofaffin manajoji, don suna jin an ƙara sai kowa ya ɗaga farashin nasa 'yan wasan, ɗan bayan da ake rokonka ka ɗauka jiya yau ya zama gwal.

Matsalar ba a farashi take ba. Duba inda kuɗi ke shigowa, kuɗin ƙofa, na masu talla a riga, ladan cin kofi, duk wasan ne ke buga su sabbi kowane sati. Toh ina suke fita? Cinikin ɗan wasa tsakanina da kai ba ya rage ko sisi, hannu kawai ya canja. Kamar tanki ne famfo na zuba dare da rana kuma ba rariya, dole ya yi ambaliya.

Shi ya sa a Ultimate Team, ɓangaren haɗa ƙungiya da katunan 'yan wasa a wasan bidiyon FIFA (wanda ya koma EA Sports FC a 2023), duk abin da ka sayar a kasuwa kamfanin EA mai wasan na cire 5 cikin 100, ka sayar 100,000 ka karɓi 95,000, kuma dubu biyar ɗin ba wani manaja ake ba wa ba, ɓacewa take yi gaba ɗaya. Har a 2015 sai da suka sa iyakar sama da ta ƙasa a farashin kowane kati saboda masu sayar da kuɗin wasa da kuɗin gaske. Amma ni tsarin Hattrick ya fi burge ni, wancan wasan manajan ƙwallo na intanet na 'yan Suwidin da aka fara tun 1997. Albashi duk sati ake biya kuma yana hawa da ƙwarewar ɗan wasa, filinka in ka faɗaɗa shi kuɗin kula ya ƙaru, sannan duk kwana 112 ɗan wasa ya ƙara shekara, ka ga tauraronka na tsufa kana kallo, ko ka sayar ko ya lalace a hannunka. Masu saye yau su sayar jibi kuwa kason dillali ya fi cinsu.

Mu albashin muka kwaikwaya, a hankali muka rinƙa ɗaga shi ba lokaci ɗaya ba, an sha zage-zage kam, wani har cewa ya yi mun ci amanarsa, amma sai ga masu tara taurari goma a benci suna fito da su kasuwa da kansu.

Sai ka sa ido kan masu akawun biyu, wato mutum ɗaya mai ƙungiya biyu, mun kama wani yana saye wa kansa gurgun ɗan wasa da duk kuɗin ɗaya ƙungiyar. Kafin ka taɓa komai dai ka haɗa jimillar kuɗin duk ƙungiyoyi sati huɗu a jere ka turo nan mu ga yadda take hawa.