Kashe shirin da ke gudana da script a Linux

Ɗan'uwa, ka ce script ɗinka na ps aux | grep firefox yana fito maka da lambar PID (lambar shaidar shirin da ke gudana) biyu, ka rasa wacce za ka kashe. Ai ta biyun nan ta grep ɗin ce da kansa, shi ma shiri ne yana gudana a lokacin, shi ya sa ni tuni na koma pgrep, wanda ke nemo PID ta sunan shiri:

for p in $(pgrep -x firefox); do kill $p; done

Kar ka manta da -x ɗin nan, in babu shi duk shirin da ke da kalmar a cikin sunansa zai shiga ciki.

Amma don Allah kar ka fara da kill -9, wannan abin yana damuna sosai. Kill shi kaɗai, ba tare da -9 ba, sigina 15 yake aikawa, shirin zai samu damar rufe fayilolinsa ya adana aikinsa ya fita lafiya, shi kuwa 9 kernel (zuciyar tsarin Linux) ne ke fizge shi nan take ko sallama babu, ni na taɓa rasa aikin yini guda a haka. Ka sa sleep 5 don a jira daƙiƙa biyar, ka duba da kill -0 $p ko yana nan, in ya ƙi tafiya to sannan 9. In shirin na root (babban mai iko da tsarin) ne kuma sai ka sa sudo kafin kill ɗin.