Filin Tambayoyinku: Tukunyar da ke dahuwa ina ofis, za ta rage min ƙiba?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar banki ce a Abuja, shekaruna 34, 'ya'yana biyu. Ina barin gida a Kubwa ƙarfe shida saura na safe, ba na dawowa sai wajen takwas da rabi na dare saboda gosulo. Tun haihuwata ta biyu nauyina ya tashi daga kilo 68 zuwa 87, kwanan nan kuma likita ya ce jinina ya fara hawa. Da rana abin da ya samu nake ci, fanke ko mitfai da lemon kwalba, da dare indomi da ƙwai, don ba ni da ƙarfin tsayuwa a kicin. Yayata da ke Manchesta ta aiko min da tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali, ta ce in zuba komai da safe in dawo in tarar ya nuna, wai da ita ta rage kilo 10. Wata biyu ke nan tana cikin kwalinta. Da gaske tana rage ƙiba? Me zan dafa a ciki na abincinmu? Yaya zan yi da ɗauke wuta?

Maman Ilham, Kubwa

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara lafiya, ya raya yara. Wasiƙarki ta taɓa ni, don na yi shekaru ina aikin jinya, na san yadda mace ke shigowa gida da dare ƙafafu a kumbure, yunwa na cinta, yara na jiran ta. A wannan lokacin babu mai tunanin abin da ya dace da jikinsa, abin da hannu ya fara kaiwa shi ake ci.

Tukunya ba ta rage ƙiba. In kika zuba mata kitse da manja ludayi uku, su za ta dawo miki da su. Amfaninta shi ne ta ɗauke miki shawarar abin da za ki ci daga ƙarfe takwas da rabi na dare, lokacin da gajiya ta gama da ke, ta mayar da ita lokacin da hankalinki ke kwance. Ina kyautata zaton abin da ya taimaki yayarki ke nan. Asalinta ma saboda wake aka ƙirƙire ta. Wani Ba'amurke mai suna Irving Naxon ne ya yi mata rajista a 1940, aka fito da ita kasuwa da sunan Crock-Pot a 1971, daidai lokacin da matan Amurka ke ta fita aiki suna neman abin da zai yi musu girki a bayansu.

Sai amfani na biyu, wanda na fi so. Murfinta a rufe yake, ruwa ba ya ƙonewa, abinci ba ya kamawa, saboda haka babu dalilin soya kayan miya a cikin mai. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori wajen 120, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wanda rararsa ke zama kitse. Ki tuna yadda muke tsiyaya mai a miyar dage-dage har sai ya taso saman tukunya ya yi ja, sannan ki lissafa. A wannan tukunyar cokali biyu ya ishi miyar gida guda, wani girkin ma ba ya buƙatar ko ɗigo.

Yanzu maganar wuta, kuma a nan nake so ki natsu, don lafiyar yaranki ce. Shawarar yayarki ta dace da Manchesta, inda wuta ba ta ƙiftawa. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a abinci idan zafinsa yana tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. Idan aka ɗauke wuta ƙarfe goma na safe nama bai gama nuna ba, aka dawo da ita ƙarfe uku, tukunyar za ta ci gaba da dahuwa, ki dawo ki tarar da abinci yana ƙamshi, alhali ya yi awa biyar a ɗumin da cuta ke so. Wasu ƙwayoyin suna barin dafin da tafasa ba ta kashe shi. Ma'aikatar noma ta Amurka ma, a ƙasar da aka ƙirƙiro tukunyar, cewa ta yi idan wuta ta ɗauke ba kya gida, a zubar da abincin ko da ya yi kama da ya nuna. Ban da haka, ke kina yin sama da awa 14 a waje, yawancin girki kuwa awa 6 zuwa 8 yake buƙata a ƙaramar wuta, ko awa 3 zuwa 4 a babba.

Don haka ba na ba ki shawarar ki kunna ta da asuba ki kulle gida. Ki mai da ita tukunyar Asabar da Lahadi. Kina gida kina wanki ko kitson Ilham, ita tana aikinta. In wuta ta tafi, ki juye a tukunyar gas ki ƙarasa nan take. Ki yi girki iri biyu ko uku, ki raba a ƙananan robobi daidai ci ɗaya, ki sa a firij kafin awa biyu da saukewa. Na kwana biyu zuwa uku a firij, sauran a firiza. Idan akwai mai kula da yara a gida da rana, tana iya kunnawa da azahar ta sa ido. In kuna da sola da inbata, tukunyar ba ta da jan wuta sosai, wajen wat 200 ne, dutsen guga ya ninka ta sau biyar, amma awa takwas ba wasa ba ne ga batir, ki tambayi wanda ya haɗa muku. Kin yi sa'a daga Ingila ta zo, ƙarfin wutarsu ɗaya da namu. Da ta Amurka ce, sai da taransifoma, in ba haka ba ta ƙone.

Akwai kuma dabarar da ba ruwanta da wuta: ki tafasa abinci sosai a gas na kamar minti 20, ki rufe, ki nannaɗe tukunyar da bargo mai kauri ki cusa a kwali, zafin da ta ɗauka zai ƙarasa dahuwar cikin 'yan awoyi. A Afirka ta Kudu an ɗinka jaka ta musamman kan wannan dabara a 2008, ana kiran ta Wonderbag. Sai dai ki sake tafasawa kafin a ci.

Me za ki dafa? Fara da faten wake, shi ne sarkin wannan tukunya, ga riƙe ciki, ga araha. Ki jiƙa waken ya kwana, ki zubar da ruwan, ki tafasa shi a gas tafasa mai ƙarfi na aƙalla minti 10 kafin ki juye. Kada ki tsallake wannan, musamman in jan waken nan ne mai siffar ƙoda da ake sayarwa a manyan kantuna, yana da wani sinadari mai sa amai da gudawa wanda ƙaramar wuta ba ta kashe shi. Ki zuba albasa, tattasai, attaruhu, daddawa da busasshen kifi. Alayyahu ko zogale sai saura minti 20 a sauke, in ba haka ba ya yi baƙi ya narke.

Miyar taushe ma tana fita da kyau. Kabewa tana narkewa da kanta ta ba miya kauri, sai ki rage gyaɗar zuwa rabin yadda kika saba, ki yanke kitsen naman tun yana ɗanye. Farfesun kazar gida ko na ƙafar sa, da ke cinye gas, nan ne wurinsa. Ki cire fatar kazar. In farfesun ya kwana a firij za ki ga kitse ya daskare a sama fari fat, ki kwashe da cokali ki zubar. Ranar da na fara yin haka na ga abin da na daɗe ina sha a romo, jikina ya yi sanyi. Shinkafa da taliya caɓewa suke yi, kuka da kuɓewa kuwa minti goma ne a gas, ba sai an wahalar da tukunya ba.

Kada ki sa daskararren nama, ki bar shi ya saki a firij tukuna. Ki cika tukunyar rabi zuwa kashi biyu cikin uku, ruwa kaɗan, kuma ki daure ki daina buɗe murfi, kowace buɗewa tana ƙara miki wajen minti 20.

Tunda jini ya fara hawa, ki kula da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, dunƙulen magi kuwa gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Daddawa, citta, tafarnuwa, masoro da kimba za su cike miki gurbin, doguwar dahuwa tana fito da ɗanɗanonsu.

Amma in gaya miki gaskiya, abincin ranarki ya fi damuna. Kwalbar lemo ta rabin lita tana da sukari wajen giram 50, kusan duk abin da hukumar ta yarda babba ya sha a yini. Ki sayi ƙaramin fulas ɗin abinci, ki ɗumama abincin roba ɗaya da asuba har ya tafasa, ki juye a ciki, ki tafi da shi ofis tare da gorar ruwa. A faranti, miya da ganye su fi yawa, tuwo malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Instagram kuwa ki rabu da shi, da yawansu filasko ne a ciki, gudawa yake sawa, ruwan jiki ke fita kitse na nan.

Kada ki sa wa ranki kilo 68 tukuna. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne tafiyar da jiki ke ɗauka. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo 4 zuwa 9 a wurinki, ya isa a ga sauyi a awon jini. In likita ya rubuta miki magani, ki sha, kada ki ce sai kin ga abin da abinci zai yi. Ki roƙe shi ya duba miki sukari ma.

Asabar ɗin nan ki fito da ita daga kwali ki wanke, ki jiƙa wake gwangwani huɗu tun daren Juma'a. Bayan mako shida ki rubuto min da nauyinki da awon jininki, ina jira.