Amsa ga mai son buɗe gidan boga da iyalinsa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko kai da maiɗakinka ku zuba ɗan abin da kuka tara ku buɗe gidan boga (burodin nan mai niƙaƙƙen nama a tsakiya) a nan Amurka, tunda ka ga Girkawa sun yi arziki da sana'ar. Shekara huɗu na yi ina aiki a hannun wani dattijo ɗan Girka a Shikago, bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Mutanen nan da wanke-wanke suka fara, jari daga baya ya zo. Maigidana ya baro ƙauyensu kusa da Tiripoli (ta Girka, ba ta Libiya ba) a 1971, ana tsakiyar mulkin sojan da ya kama ƙasar daga 1967 zuwa 1974. Dokar shige da fice ta 1965 ta ba ɗan ƙasa damar ɗauko ɗan'uwansa, sai yayansa mai shago ya ɗauko shi. Shekara tara yana hannun yayan, daga kwanuka zuwa yankan albasa zuwa gaban ƙarfen suya, kafin aka ranta masa kuɗi ya sayi shagon wani da ya gaji. Ko Billy Goat, gidan bogan da ake ji da shi a Shikago, haka ne: William Sianis ya buɗe a 1934, ɗan ɗan'uwansa Sam ya zo daga Girka ya yi aiki ƙarƙashinsa, ya gaje shi da ya rasu a 1970.

Biyar na asuba dattijon nan yana shago. Shi da kansa yake auna kowane curin niƙaƙƙen nama a sikeli, ya jera a tire, bai yarda kowa ya yi da ka ba. Bayan hannunsa duk tabon mai ne, ƙafafunsa a kumbure, har yakan yanke bakin takalminsa don su samu wuri. Uwargidansa na wajen karɓar kuɗi, ɗan hoton waliyyinsu a saman kanta. Yara kuwa suna tasowa daga makaranta su fere dankali, su yi aikin gida a teburin ƙarshe kusa da firij. Ranar Ista da Kirsimeti kaɗai na san ana rufewa.

Wani dare muna goge ƙarfe na ce masa, "Baba, ai kun yi kuɗi." Ya jawo takardar goge hannu ya rubuta haya, nama, burodi, gas, haraji, albashinmu. Abin da ya rage ya zagaye shi da biro, ya ce wannan albashinsa ne da na matarsa da na 'ya'yansa, wanda ba a taɓa biya ba. Wallahi jikina ya yi sanyi. Don haka kafin ka tambaye mu, ka zauna da maiɗakinka, domin ita za ta tsaya awa goma sha biyu babu albashi, kuma ba kowace mace ce za ta ɗauka ba, ba kuma laifinta ba ne.

Abin da ya sa dattijon ya ɗore, a ganina, sayen ginin shagon da ya yi. Maƙwabcinsa mai haya yana ciniki sosai, mai ginin ya ninka kuɗin haya, cikin wata uku ya kwashe kayansa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu. Ana soya naman alade a ƙarfe ɗaya da boga. Da na gaya masa addinina bai yarda ba, bai ja ba, ya mayar da ni wajen dankali da cefane. Kai idan halal za ka yi, naman ya fi tsada, sai ka duba unguwar da za ka samu masu biya.

'Ya'yansa ba wanda ya karɓi shagon, kuma haka yake so. Ɗaya tana harhaɗa magunguna, ɗaya akanta ne. Wani ɗan Meziko da ya shekara ashirin yana masa suya ya sayar wa. Ka nemi aiki a irin wannan shago ko na wata shida ne, ka buɗe da asuba ka rufe da dare, kuɗinka na ajiye. In kana kusa da Shikago ka yi mini magana, zan kai ka wajen sabon mai shagon.