Baftismar Jarirai da Wanda Za a Kira Kirista

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce an yi wa abokinka baftisma yana jariri, amma wasu a ƙungiyar matasanku sun ce shi ba Kirista ba ne sai ya furta bangaskiyarsa da bakinsa an nutsar da shi cikin ruwa, kana kuma son sanin wa ke da gaskiya.

Wannan gardama ta girme mu nesa ba kusa ba. Katolika da Otodoks da Angilikan da mabiyan Luther suna yi wa jarirai baftisma, suna kafa hujja da Lidiya da kuma mai tsaron kurkuku a Filibi, waɗanda aka yi musu tare da mutanen gidajensu. A ganinsu alherin Allah ne yake riga mutum, a wasunsu kuma yaron yakan tabbatar da alkawarin baftismar idan ya yi wayo. 'Yan Baftis da masu ra'ayinsu sun ce tuba ce take zuwa da fari, kamar yadda Bitrus ya yi kira ranar Fentikos. A shekarar 1525 wasu a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan suka fara sake yi wa manya baftisma, a 1527 kuwa hukumar birnin ta nutsar da ɗaya daga cikinsu, Felix Manz, a kogin Limmat har ya mutu. Abin takaici, masu neman gyaran ikkilisiya irinsa ne suka yanke masa hukuncin.

Ni dai ina kan ra'ayin baftismar mai ba da gaskiya, amma ba zan yarda a mai da ita ma'aunin korar mutum ba. Da aka taru a Urushalima kan ko dole ne al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, su yi kaciya kafin su sami ceto, manzanni sun ƙi ɗora musu wannan kaya, alhali kaciya umarni ce tun zamanin Ibrahim. Abin da ikkilisiyoyin nan duka suka haɗu a kai shi ne shaidar bangaskiya da aka fara tsarawa a taron shugabannin ikkilisiya a birnin Nikiya a shekarar 325: Yesu Almasihu Ɗan Allah ne, ya sha wahala dominmu, ya tashi a rana ta uku.

Saboda haka ka tambayi abokinka ko ya riƙe wannan da zuciya ɗaya, ka kuma duba zamansa da mutane, domin Yakubu a wasiƙarsa ya ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce. Idan shi da kansa ya so a sake yi masa baftisma, sai ya je ya zauna da fastonsa su tattauna.